Mai yanke wuta ya san ƙofar shagonka, to ina mai auna injinka?



Duk shekara da zarar Maris ya kama, zafi ya fara, mun san abin da za mu ji. Sanarwa a rediyo: a yi haƙuri, buƙata ta fi wutar da ake da ita, a rage amfani da kuran, wanda ya fita daga ɗaki ya kashe ampul. Sai tsohuwa mai ampul biyu da fanka ɗaya ta tashi ta kashe ɗaya, tana ganin ta taimaki ƙasa. A daidai wannan lokacin, can bakin kasuwa, wani tsohon dinamo na injin niƙa da aka sake ma naɗin waya sau uku yana shan abin da ya fi na gidaje talatin irin nata, wani ɓangare na ƙarfinsa yana tafiya a zafi da ƙara. Can kuma cikin wani biro kilim uku na aiki, ƙofa a buɗe, mai biron ya tafi taro tun hantsi. Su waɗannan babu sanarwar da ta shafe su, don ba wanda ya taɓa zuwa ya ce masu ga abin da kuke ɓarnatarwa, ga yawansa, ga yadda za a gyara.

Maganata ta yau ke nan, kuma da NIGELEC nake, da hukumar ARSE mai sa ido kan harkar makamashi, da ma'aikatar da ke bisa kansu duka. Nasihar da ake watsa wa kowa da kowa iri ɗaya ba ta rage komai. Mai otal, mai gidan ƙanƙara, mai walda, mai gidan burodi, mai ruwan leda, mai injin casar shinkafa, kowane da irin ciwonsa. Likitan da ya tsaya bakin ƙofar asibiti ya ce duk marasa lafiya su sha farasitamol su tafi gida, ba mu ce masa likita. Abin da muke so shi ne shiri na musamman ga masu sana'a da masana'antu, wanda za a bi su ɗaya bayan ɗaya, a auna, a rubuta, a taimaka a gyara.

Ku tuna inda muke. Kafin Agustan 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa: ta Yamai da Doso ta layin Birnin Kabi, tamu ta Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina da ke shigowa ta Gazawa. Da aka sa takunkumin CEDEAO aka katse ta rana ɗaya, ba a maido ba sai bayan ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Kowa ya ga yadda ƙanƙara ta zama zinariya, yadda kifi da nama suka ruɓe, yadda teloli da masu walda suka koma kwana a shago suna jiran ƙarfe biyun dare. An yi ƙoƙari, ba mu ƙi faɗa ba. Akwai tashar Guru Banda mai aiki da mai tun 2017, an ƙara ta hasken rana mai megawat 30 a gefenta a 2023, ga ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018. Kandaji kuwa, mai megawat 130, tun 2008 aka aza harsashinta, yaron da aka haifa a shekarar yau ya isa ya riƙe shago. Duk maganar hukuma a kan ƙari take: ƙarin tasha, ƙarin layi, ƙarin bashi. Tulun da ke yoyo ta gindi, ko rijiya goma ka haƙa masa ba ya cika.

Akwai wata tashar wuta da ba ta buƙatar harsashi, ba ta buƙatar a kira shugaban ƙasa ya yanke ƙyalle. Tana cikin wutar da ake saye da tsada a zubar a banza. Kilowat ɗin da aka hana ɓacewa a unguwar masana'antu daidai yake da wanda aka ƙera a Guru Banda, sai dai shi ba a ƙona masa gazuwal ba. Ba tatsuniya ba ce. Ghana a 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, ta raba ƙwayayen fitila masu ƙarancin cin wuta miliyan 6 kyauta, ta karɓe tsofaffin, buƙatar wuta a lokacin cunkoso ta sauka da megawat 124. Ku gwada wannan adadi da na Kandaji da muke jira. Daga baya, a 2013, suka hana shigo da tsofaffin firigo da kilim na gwanjo. A Tunisiya kuma doka ce ta tilasta wa manyan masana'antu su riƙa kiran ƙwararru lokaci-lokaci su binciki yadda suke cin makamashi. Ba Turai na kai ku ba, nan ne Afirka.

Yanzu mu shiga cikin shago, don a nan maganar take.

Ɗauki mai niƙa. Dinamo mai kilowat 15, in ya yi awa 8 yana aiki da cikakken ƙarfinsa, ya sha kilowat 120 a yini. A ce an rage masa kashi 10 cikin 100 kawai, kilowat 12 ke nan kullum, a kwana 26 na aiki ya haura 300. Kowa ya ɗauko faktir ɗinsa ya buga da farashin da ake sayar masa, ya ga ko jikka nawa ne. Daga ina kashi 10 ɗin zai fito? Igiyar roba da ta saki tana zamewa. Faranti ko duwatsun niƙa da suka dakushe, injin na wahala sau biyu kan buhu ɗaya. Barin injin yana juyawa babu tsaba a ciki saboda ana jin ƙyuyar tada shi. Dinamon da ya fi ƙarfin aikin, an saye shi don an same shi da araha. Sai uwa uba naɗi: duk lokacin da dinamo ya ƙone aka kai shi aka babbake tsohuwar wayar da wuta aka naɗa wata, wani lokaci ma siririya wadda ba ta kai ta asali ba, ƙarfinsa na raguwa, cinsa na ƙaruwa. Mai shi na murna ya tsira da kuɗin sabo, bai san yana biyan kuɗin sabon ba a hankali, wata bayan wata, a gishen NIGELEC. Masana sun daɗe da sanin cewa dinamon da ke aiki kullum, kuɗin sayensa ɗan kaɗan ne a kan kuɗin wutar da zai sha tsawon rayuwarsa. Wa ya taɓa zama da mai niƙa ya yi masa wanga lissafi da Hausa?

Mai ƙanƙara da mai sayar da kifi nasu daban ne. Kwanjilatar na gwanjo da Bature ya gama yayinta, an jingina bayanta da bango babu inda iska za ta wuce, ƙura ta toshe raga, robar murfi ta mutu har ana ɗora mata dutse, rana kuma na dukanta ta ƙarƙashin kwano. Injinta ba ya hutawa dare da rana. Goge raga, canza roba, ja da ita daga bango, yin rufi mai hana zafi, duka ba su kai kuɗin faktir ɗin wata guda ba. Mai walda kuma yana nan da tsohon injin nan mai nauyin jaki, na naɗin gida, wanda in ya ɗosana ƙarfe duk fitilun layin sai sun lumshe, alhali ƙananan na zamani da ake rataya a kafaɗa sun fi shi sauƙin ci nesa ba kusa ba. Otal da banki da kilinik, su kilim ne ke cinye su: a saita shi a 16 ana rufa da bargo, tace ba a wanke ba tun ranar da aka kafa shi.

Manyan kuwa, masu taransifo nasu na kansu, akwai abin da ma ba su gani da ido. Masana'antar da ta cika da dinamo tana jan wani nau'in ƙarfi daga layi wanda ba ya yin aikin komai, sai cika waya da zafafa taransifo, kamar kumfa a kofin shayi: ta ci wuri, ba ta ƙosarwa. Injiniyoyi na auna shi da abin da suke kira kosinis fi. Maganinsa sananne ne, akwatin kondansatar ake kafawa kusa da injinan. In an kafa, layin unguwa ya samu sarari, wutar maƙwabta ta daina faɗuwa. Haka zancen ƙarfin da mutum ya yi rajista da shi: wani ya yi rajistar abin da ya ninka buƙatarsa tun zamanin da masana'antar ke da rai, yana ta biyan kuɗin ƙa'ida a kai duk wata, wani kuma ya yi ƙasa da buƙatarsa yana ta fama. Takarda ɗaya da awo na mako guda sun isa a daidaita.

To ga abin da ke ba ni haushi. Duk bayanin da ake buƙata don a fara yana hannun kamfanin. Tun 1968 NIGELEC take. Ta san kontar kowa, ta san abin da kowane shago ya sha wata da watanni, ta san taransifon da ke ƙonewa duk bazara da waɗanda ke rataye a kansa. In gidajen ƙanƙara biyu masu girma ɗaya suna gari ɗaya, ɗaya na shan ninkin ɗaya, kwamfutarsu ce ta farko da za ta gani. Amma ku tambayi mai niƙan unguwarku, ku tambayi mai walda a Katako ko Kasuwar Dole ko bakin babbar kasuwar Maraɗi: sau nawa ma'aikacin wuta ya zo wurinka? Zai lissafa maku mai karanta kontar, mai kawo faktir, da mai tsani da fensa. Ku ce masa, wanda ya zo da na'ura ya auna injinka ya ba ka shawara fa? Ku dawo nan ƙasa ku rubuta mana amsar da ya ba ku. Wanda ya san hanyar shagonka ranar yanka, bai kamata hanyar ta ɓace masa ranar taimako ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa. Wai kamfani mai sayar da wuta, ina shi ina koya wa mutane su rage saye, mai tuwo ya taɓa ce maka ka ci kaɗan? Wagga magana tana da ma'ana a ƙasar da wuta ta yi yawa har ana neman mai saye. Mu nan tuwon ne bai isa ba, layi ya kai bakin titi. Kilowat ɗin da mai otal ya rage, ba ajiye shi za a yi ba, a take za a sayar wa unguwar da ake shirin ɗauke wa wuta. Kuma wutar da ake ƙarawa a lokacin cunkoso, da tsakar rana cikin bazara da kuma bayan magariba, ita ce mafi tsada, don injinan mai ake tayarwa su cike giɓin. Hasken rana na taimakawa da rana, amma da ta faɗi Malbaza ta yi shiru. Kamfanin da ya rage wannan cunkoson ya rage asararsa ne. Saboda haka ba sadaka muke roƙo ba, ribar kamfanin ce da kansa, in dai akwai mai lissafi a gidan.

Wasu kuma, ƴan uwana masu sana'a, za su ce: malam, a ba mu wutar tukuna, wutar da babu ita za a yi wa tattali? Ina jin zafin wannan magana, kuma gaskiya ce rabin ta. Amma ku duba ɗaya rabin. In an ɗauke kuran, gurup kake tayarwa, kuma injin da ke ɓarnar wutar NIGELEC shi ne dai ke ɓarnar gazuwal ɗinka, wanda kilowat ɗinsa ya fi tsada. In ka yanke shawarar sa fanon hasken rana, mai sayarwa zai auna maka ne a kan cin tsofaffin kayanka, ka sayi fano da batir ninkin abin da kake buƙata. Mutane da yawa sun zuba miliyoyi a kan rufi alhali kwanjilatar da ke ƙasa robarta a yage take. A fara toshe yoyon, sannan a sayi tulu daidai.

Kuma tunda gaskiya muka zo faɗi, masu jan waya ta bayan kontar, da masu ba ɗan wani abu a rage masu lamba, ku ma kuna cikin masu ƙona mana taransifo. Wanda ba ya biya ba ya tattali. Shi ya sa ma wasunku ba za su so a zo awo ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da zai iya kashe shirin tun ran suna: tsoro. Ɗan kasuwar ƙasar nan in ya ga mutum da takarda da biro a ƙofarsa, abin da ke zuwa ransa lanho ne da tara. In aka haɗa awon injin da farautar masu laifi, ko aka bari bayanin ya bi ta ƙofar baya ya isa ofishin haraji, ba wanda zai buɗe ƙofa. Dole masu awo su zama daban da masu yanka, a kuma faɗa a rubuce cewa abin da aka gani na mai shago ne. A bi ta hannun ƙungiyoyin masu sana'a, ta CCIN da CMANI, ta shugabannin ƴan niƙa da na maƙera, waɗanda in sun ce wa mutanensu ku saki jiki za a saki.

Ma'aikatan kuma ba daga waje za a ɗauko su ba. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, EMIG a Yamai, lise teknik ta Ɗan Kasawa, da cibiyoyin koyon sana'a, duk shekara suna yaye yaran da suka karanta lantarki, da yawansu suna kabu-kabu ko cajin waya. A ba su horo na ƴan watanni, a ba su na'urar awo, a raba masu unguwanni. Takardar da za su bar wa mai shago kada ta wuce shafi ɗaya, da Hausa ko Zabarmanci ga mai so, a karanta masa: ga abin da kake sha, ga abin da irinka ke sha, gyara kaza kyauta ne, kaza zai ci jikka kaza ya maido kuɗinsa cikin wata kaza. Ba rahoto mai shafi tamanin da Faransanci ba, wanda za a yi wa atilye a otal a ci kaji a watse.

Saura kuɗi, don shawara ba ta sayen dinamo. Mai niƙa ya yarda sabo ya fi, amma ina zai samu dubu ɗaruruwa a dunƙule? Banki ba ya kallonsa. Hanyar da wasu ƙasashe ke bi mai sauƙi ce: a ba shi kayan, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan a cikin faktir ɗinsa, a tsara yadda abin da zai biya duk wata ba zai wuce abin da ya rage na wuta ba. Kamfanin ba ya tsoron a gudu da kuɗinsa, tunda fensar na hannunsa. Tsohon kuma a karɓe shi a farfasa, kada a bari ya zagaya ya koma Tasawa ko Madawa ya ci gaba da aikinsa a wani shagon. Duwan ma na da nata: UEMOA ta fitar da ƙa'ida tun 2020 kan liƙa wa sababbin fitilu da kayan wuta na gida alamar yawan cinsu. Ku zaga kasuwa ku ga ko mai saye ya san da ita. Muddin tsohon kilim na gwanjo ya fi mai inganci sauƙin shigowa, bolar wasu za mu ci gaba da saye muna biya mata wuta.

Akwai ma abin da ba ya cin ko dala: lokaci. Mai ƙanƙara, mai cika shato da famfo, mai casa, da yawansu za su iya maida babban aikinsu tsakar dare ko sassafe, lokacin da layi ke da sarari. Amma don mi zai hana kansa barci in farashin ɗaya ne? A yi masa ragi na gaske a waɗannan awoyin, a kuma yi masa alkawarin ba za a ɗauke masa ba a cikinsu. Ka ba ni awa shida tabbatattu, na tsara aikina da yarana a kansu, ya fi mini awa goma sha biyu na wasan ɓuya. ARSE ce ke duba farashi, wannan aikinta ne, kuma tana da ikon ta ce wa kamfanin ya kawo mata a rubuce, duk shekara, masu sana'a nawa ya ziyarta da kilowat nawa aka rage, a buga kowa ya gani.

Amma kafin a taɓa mai walda, a fara da gidan gwamnati. Ministoci, gwamnora, mairi, manyan ofisoshi: a nan ne wanda ke kunna kilim bai taɓa ganin faktir da idonsa ba, baitulmali ke biya, wato ni da kai. Fitilun farfajiya na ci har azahar, kilim na kwana yana sanyaya kujeru daga Juma'a zuwa Litinin. A auna kowane gini, a liƙa abin da ya sha a bakin ƙofarsa duk wata, da sunan mai kula da shi. Hukumar da ba ta iya kashe nata kilim ba, da wane baki za ta ce wa tsohuwa ta kashe ampul?

Masu niƙa, masu ƙanƙara, masu walda, masu gidan burodi da ke karanta wannan ko aka karanta maku: ku rubuto garinku, sana'arku, ƙarfin injinku da abin da kuka biya watan jiya, ba sai da suna ko lambar kontar ba. In sun taru za mu jera su gari-gari a wannan shafi, Tawa da Ƙwanni da Damagaram da Maraɗi da Yamai, mu ga masu injin iri ɗaya da faktir ya bambanta, sannan mu kai wa shugabannin ƙungiyoyinku su shiga da shi ofishin NIGELEC na jiharsu kafin wata bazarar.